Dutsen da aka jefa sama daga kan bene: ina alamar ragi take shiga?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ga wata tambaya ta fiziks da ta gagare ni, daga babin faɗuwar abu ƙarƙashin jan ƙasa.

Mutum ya tsaya a kan rufin bene mai tsayin mita 15, ya jefa dutse sama tsaye da gudun mita 10 a sakan. An ce a ɗauki g, wato yawan canjin gudun da jan ƙasa ke kawowa a kowane sakan, a matsayin 10 m/s², a manta da turjiyar iska. Ana neman (a) iyakar tsayin da dutsen zai kai daga ƙasa, (b) lokacin da zai ɗauka kafin ya taɓa ƙasa, (c) gudun da zai bugi ƙasa da shi.

Ta farko ta fito, mita 20. Ta biyu ce matsalar. Na ɗauki s = ut − ½gt², inda u gudun farko ne, t kuma lokaci, na sa s = 15, u = 10, na sami t² − 2t + 3 = 0. Abin da ke ƙarƙashin √ ya zama 4 − 12 = −8, kalkuleta ta ƙi ba da amsa. Sai na ce tunda dutsen saukowa yake yi, bari in mayar da g ta zama ƙari: 15 = 10t + 5t². Nan amsa ta fito tsaf, t = 1, amma amsar da ke bayan takarda sakan 3 ce.

Yaushe g take ɗaukar alamar ragi, yaushe take ɗaukar ƙari? Kuma a can ƙololuwa, inda gudun ya zama sifili, ita ma g sifili ce? Allah Ya saka da alheri.

Malamin fiziks, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, haɗawarka da ragewarka ba su da laifi, kalkuleta ma gaskiya ta faɗa maka. Sau biyu ka amsa tambayar da ba a yi maka ba, shi ke nan.

Duba yunƙurinka na farko. Harafin s ba tsayin bene ba ne, tazara ce daga inda dutsen ya bar hannu zuwa inda ya ƙare, tare da alkiblarta. Da ka rubuta s = +15 alhali sama ce ƙari, abin da ka tambaya shi ne: yaushe dutsen zai kai mita 15 a bisa hannun mai jifa? Kai da kanka ka gano mita 5 kawai yake hawa a bisa rufin. Babu wannan lokacin, shi ya sa −8 ta fito ƙarƙashin √. A wanga babi, duk lokacin da ka ga haka, lissafi na gaya maka ne cewa abin bai kai wurin da ka aika shi ba.

A yunƙuri na biyu ka ba u da g alama iri ɗaya. Alama ɗaya tana nufin alkibla ɗaya, wato ka jefa dutsen ƙasa ke nan da gudun mita 10 a sakan. Sakan 1 daidai ne ga wanda ya jefa ƙasa. Wannan kuskuren ya fi na farko haɗari, don amsarsa tana fitowa da kyan gani, mutum ya ja mata layi biyu ya wuce.

Alamar g ba ta bin tafiyar dutse, tana bin alkiblar da kai ka zaɓa tun farko. Jan ƙasa ƙasa yake ja, dutsen na hawa ko yana sauka ko yana ƙololuwa. Kiɗan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, don haka babu dalilin canza rawa a tsakiya.

Kafin ka taɓa kalkuleta, zana benen. Sa sifili a inda dutsen ya bar hannu. Ja kibiya sama, rubuta + a kanta. Sannan jera haruffa biyar, u (gudun farko), v (gudun ƙarshe), a (yawan canjin gudu a kowane sakan), s (tazara), t (lokaci), ka cike waɗanda ka sani:

u = +10 (sama aka jefa)
a = −10 (ƙasa take ja)
s = −15 (ya ƙare mita 15 ƙasa da mafarinsa)

Uku sun isa a samo sauran biyun. Fomulolin huɗu ne, kowace akwai harafin da babu a cikinta, kuma da haka ake zaɓe:

v = u + at (babu s)
s = ut + ½at² (babu v)
v² = u² + 2as (babu t)
s = ½(u + v)t (babu a)

Ka riƙa rubuta su haka, da a da alamar ƙari, sannan ka sa a = −10 cikin baka. Wadda ka yi aiki da ita, s = ut − ½gt², ta riga ta haɗiye alamar ragin; g a cikinta +10 ce. Masu mantawa su sake sa −10 sai ragi biyu su haɗu su zama ƙari, dutse ya yi ta ƙara gudu zuwa sama.

Lokaci: −15 = 10t − 5t². Kwashe komai gefe ɗaya, raba da 5: t² − 2t − 3 = 0, wato (t − 3)(t + 1) = 0. Sakan 3 ke nan.

Kada ka yar da t = −1 kamar shara ba ka san mi take faɗa ba. Da a ce daga ƙasa aka jefo dutsen da gudun mita 20 a sakan, bayan sakan 1 zai kai tsayin 20 − 5 = 15, gudunsa ya ragu zuwa 10. Daidai yanayin dutsenka lokacin da ya bar hannu. Fomula ba ta san akwai bene ba, hanyar take gani duka, gabanta da bayanta. Mu ne muke ajiye −1 domin agogonmu daga jifa ya fara.

Gudun bugun ƙasa: v = 10 + (−10)(3) = −20. Girmansa mita 20 a sakan, ragin kuma yana nuna ƙasa ya nufa. Gwada ta wata hanya: v² = 100 + 2(−10)(−15) = 400. Kalkuleta za ta ba ka 20 kawai, amma √400 na iya zama +20 ko −20, kai ne za ka zaɓi −20 don ka san saukowa yake.

In ka fi son ƙasa ta zama ƙari, ba laifi: u = −10, a = +10, s = +15. Za ka sami 15 = −10t + 5t², wadda ita ce dai ta ɗazu. Sharaɗin kawai duk ukun su juya tare.

Maganar ƙololuwa: gudu sifili ne, g tana nan yadda take. Ita g ba gudu ba ce, yawan canjin da gudu yake yi ne a kowane sakan. Rabin sakan kafin ƙololuwa gudun +5 ne, rabin sakan bayanta −5 ne. Canjin −10 ke nan cikin sakan guda, kuma sifili a tsakiyarsa ya faɗo. Da g ta zama sifili a wurin, dutsen da ba shi da gudu kuma babu mai canza masa gudu sai ya rataye a sama har a zo da tsani.

Ɗan tsokaci kan suna: ana yawan cewa maganaɗisun ƙasa. Sunan ya zauna a baki, amma yana ɓatar da ɗalibai, don maganaɗisu ƙarfe yake kamawa ya bar itace, jan ƙasa kuwa bai bar ƙarfe ko itace ko ruwa ba.

Malama, Gawon Nama:

Malam ya gama da alamomi, Allah Ya ƙara ilimi. Ni zan ƙara abin da ke kama kuskure tun kafin a kai ga kwadiratik, wato lissafin nan mai t² a ciki.

Ɗana, idan g = 10 ce, kana iya bin dutsen sakan bayan sakan da ka. Kowane sakan ana cire 10 daga gudun. Tazarar da ya yi cikin sakan ɗin kuwa matsakaicin gudun farkon sakan da na ƙarshensa ne, saboda canjin a miƙe yake tafiya.

A t = 0 gudu +10, tsayi daga ƙasa 15.
A t = 1 gudu 0; matsakaici +5, tsayi 20.
A t = 2 gudu −10; matsakaici −5, tsayi 15.
A t = 3 gudu −20; matsakaici −15, tsayi 0.

Duk amsoshin nan uku suna cikin layukan nan huɗu. Lura kuma da layi na uku: ya dawo daidai rufin da gudun da ya tashi da shi, alkibla ce kawai ta juya. Daga nan sauran tafiyar ita ce ta wanda ya jefa ƙasa da gudun 10, sakan 1 ɗin da ka samu. Ashe guntun amsa ne ka riƙe: sakan 2 na zuwa sama da dawowa, da sakan 1 naka, uku ke nan.

Ga wanda kwadiratik ke ba tsoro, a raba tafiyar biyu a ƙololuwa. Hawa: 0 = 10 − 10t, sakan 1, tsayi u²/2g = 100/20 = 5. Sauka: daga mita 20 ba tare da gudun farko ba, 20 = 5t², sakan 2. Jimla 3. A sashe na biyu u sifili ce, ba 10 ba, kuma tsayin 20 ne, ba 15 ba. Nan ake yawan zamewa.

Sai bambancin tsawon tafiya da tazara, wanda masu shirya jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suke son gwada ɗalibi da shi. Dutsen ya yi tafiyar 5 + 20 = mita 25, amma tazararsa daga mafari −15 ce. In an tambayi matsakaicin sauri ba ruwan alkibla, 25/3 ne, kimanin 8.3. In an tambayi matsakaicin gudu mai alkibla, −15/3 = −5, kuma ½(10 − 20) ma −5 take bayarwa. Fomulolin nan huɗu tazara suka sani, ba su san tsawon tafiya ba. Inda abu bai juya ba, biyun ɗaya ne, shi ya sa ɗalibi yake shafe makonni bai ga bambancin ba sai ranar da aka jefa dutse sama.

Akwai wani tsari da ya kamata ka haddace. Abin da aka saki kawai, ba jifa, yana faɗuwar mita 5 a sakan na farko, 15 a na biyu, 25 a na uku, 35 a na huɗu. Wato 1, 3, 5, 7 sau biyar. Jimlarsu 5, 20, 45, 80, wato 5t². Galileo ne ya fito da wannan tsarin na lambobin mara a ƙarni na 17, ta hanyar gangarar da ƙwallo a kan katako mai gangare, don faɗuwar tsaye ta fi ƙarfin agogon zamaninsa. Amfaninsa a jarrabawa: in aka ce dutse ya faɗi mita 35 a sakan ɗinsa na ƙarshe, nemo tsayin da ya faɗo, kana gani ka san sakan na huɗu ne, tsayi mita 80.

Amma kada ka dogara da haddar kaɗai, don lokacin ba dole ya zama cikakkiyar lamba ba. Misali: dutse ya faɗi rabin tsayinsa duka a sakan na ƙarshe. A nan ka ce duk lokacin t ne. Rabin farko ya ɗauki t − 1, don haka 5(t − 1)² = ½ × 5t². Wannan na ba da t² − 4t + 2 = 0, t = 3.41 ko 0.59. Ta biyun ba ta kai sakan guda ba, ba ta da sakan na ƙarshe da za a yi magana a kai, sai a ajiye ta. Tsayi 5 × 3.41², kimanin mita 58. Kuskuren da aka saba shi ne a ɗauki sakan na ƙarshe a sa u = 0, alhali dutsen ya shigo sakan ɗin da gudu mai yawa.

Injiniya, Arkilla:

Malama, a gafarce ni, ban cika son a saba wa ɗalibi da raba tafiya biyu ba. Tana aiki sarai a tambayar nan don lambobin sun zo da sauƙi. Da g = 9.8, hawa sakan 1.02 ne, tsayi 5.10, sai sauka daga 20.10, kowane mataki ana yanke lamba, kuskure na taruwa. Layi ɗaya, 4.9t² − 10t − 15 = 0, yana ba da t = (10 + √394)/9.8 = 3.05, an gama. Rabawa ta fi kyau a matsayin hanyar duba amsa. Kuma wanda zai shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya ɗauki fiziks na aji ɗaya zai haɗu da tambayoyin da rabawa ba ta kai mutum ko'ina.

Ga iri biyu. Na farko, abin da ya suɓuce daga wani abu mai tafiya. Magina na jan bokitin yashi sama da igiya da gudun mita 4 a sakan. A tsayin mita 12 wani tsakuwa ya suɓuce daga bakin bokitin. Kalmar suɓucewa tana sa mutane su rubuta u = 0, su sami t = √(12/5) = 1.55. Ba haka ba ne. Tsakuwan yana tafiya tare da bokitin, don haka ya bar shi da u = +4; zai ƙara hawa mita 0.8 kafin ya juyo. −12 = 4t − 5t², wato 5t² − 4t − 12 = 0, √(16 + 240) = 16, t = (4 + 16)/10 = sakan 2. Da bokitin sauka yake yi, u = −4, sai t ta zama 1.2. Gudun abin da ya ɗauko shi kawai yake gada. Da zarar ya rabu da shi, a ɗinsa −10 ce ko da bokitin yana ƙara gudu.

Na biyu, duwatsu biyu. An saki ɗaya daga tsayin mita 60, a daidai lokacin aka jefa wani daga ƙasa sama da gudun 30. Ina za su haɗu? A nan tilas sifilinku ya zama ɗaya, a ce ƙasa. Na sama yana tsayin 60 − 5t², na ƙasa yana 30t − 5t². Daidaita su, 5t² ta fita daga ɓangarorin biyu, saura 60 = 30t, t = 2, tsayi mita 40. Dalilin fitar tata: jan ƙasa iri ɗaya yake yi musu, don haka ratar da ke tsakaninsu tana rufewa da gudun 30 ba canji. Bayan ka samu, duba cewa tsayin bai zama ragi ba. In ya zama, na saman ya riga ya faɗi ƙasa kafin haɗuwar, amsar ta takarda ce kawai. In kuma an ce na biyun ya tashi sakan 1 bayan na farko, lokacinsa t − 1 ne a ko'ina cikin fomularsa, har cikin murabba'in.

Sai rijiya, tunda mu nan ba baƙinta ba ne. An saki dutse, an ji ƙarar ruwa bayan sakan 3. Amsar gaggawa 5 × 9 = mita 45. Amma sakan ukun nan na abu biyu ne, faɗuwar dutse da hawowar sauti. Ɗauki gudun sauti mita 340 a sakan, lokacin faɗuwa t: 5t² = 340(3 − t), wato t² + 68t − 204 = 0, t = 2.88, zurfi kimanin mita 41.4. Bambancin ya haura mita 3 da rabi. Sauti ba ya ƙarƙashin g, gudunsa tsayayye ne, kada a sa masa ½at².

Wani zai ce ai zafin Sakkwato na ƙara gudun sauti. Gaskiya ne, kowane digiri ɗaya na ƙara kimanin 0.6, a digiri 40 na watan Afrilu ya kai wajen 355. Sa 355 a lissafin, zurfin ya koma 41.6. Tafin hannu ne bambancin, kuma iskar cikin rijiya ma ba ta kai ta waje zafi ba. Abin da ya fi ɓata awon shi ne yatsan mai riƙe da agogo. Dutsen na gudun kusan mita 29 a sakan lokacin da ya isa ruwa, don haka jinkirin sakan 0.2 wajen dannawa ya kusa mita 6. Da wannan hanyar ana iya sanin ko rijiya ta yi ashirin ko arba'in, amma ba a yanke igiyar guga da ita.

Maganar a manta da iska kuma tana da iyaka. Ga dutse ko ƙwallon ƙarfe daga mita goma ko ashirin, kuskuren kaɗan ne. Ga takarda, auduga, ko ƙwallon roba marar nauyi, fomulolin nan ba su aiki ko kaɗan, don a ba ta tsaya wuri ɗaya ba: turjiyar iska na ƙaruwa da gudu har ta yi daidai da nauyin abin, daga nan gudun ya daina ƙaruwa. Ɗigon ruwan sama da ya faɗo daga mita 2000, ba don iska ba, zai iso da √(2 × 10 × 2000) = mita 200 a sakan, kilomita 720 a awa. A zahiri manyan ɗigo ba su wuce wajen mita 9 a sakan. Inda babu iska kuwa, nauyi ba ya shiga lissafin sam. A 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, suka sauka tare. Can g kimanin 1.6 ce. Shi ya sa in tambaya ta ce dutsen kilo 2 ne, lambar ado ce, babu m, wato nauyi, a fomula ko ɗaya cikin huɗun.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, Malama, Injiniya. Na sake yin ta da ƙasa a matsayin ƙari, 3 ta fito. Na gwada ta bokiti mai sauka, 1.2 ta fito. Saura abu biyu. Wace g ce ta gaskiya, 10 ko 9.8 ko 9.81? Kuma akwai wata da aka ce an saki rula tsakanin yatsun mutum, ya cafke ta bayan ta faɗi santimita 20, a nemo lokacin da ya ɗauka. Na sami sakan 2, na ga kamar ya yi yawa.

Mai kula da ɗakin gwaji, Dundaye:

Ɗan'uwa, da ka ga ya yi yawa, idonka ya yi aiki. Cikin sakan 2 rula ta faɗi mita 20, ta bar bene mai hawa biyar a baya. Santimita ka zuba a fomular da g ɗinta ke cikin mita. Mayar da ita 0.20: t = √(2 × 0.20/10) = sakan 0.2. Haka in an ba ka gudu da kilomita a awa, raba da 3.6 tukuna, 72 ta zama 20.

Game da g, a jarrabawa wadda aka rubuta a takardar tambaya ita ce taka, kuma kada ka gauraya biyu a tambaya ɗaya. In ba a faɗa ba, rubuta wadda ka ɗauka a fili a layin farko. A zahiri ba lamba ɗaya ba ce a duk duniya. Wadda aka tsayar a matsayin ma'auni 9.80665 ce, daga nan 9.81 da 9.8 suka fito. A tsakiyar duniya, kan layin ikwaita, kimanin 9.78 ce, a ƙuryar arewa da ta kudu 9.83, saboda juyawar duniya da kumburinta a tsakiya. Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da ikwaita, don haka tamu ta fi kusa da 9.78. Ga abin da aka saki kawai, bambancin 10 da 9.8 kashi 2 cikin ɗari ne a tsayi, kashi 1 a lokaci, don lokaci ta √ yake bi. A tambayarka, da yake jifa aka yi, ya ɗan fi haka: 3 da 3.05.

Gani ya kori ji, kuma ana iya auna g da wayar hannu. Kafa tef ɗin awo ko sandar da aka yi wa alama a jikin bango, a wuri mai haske. Ɗauki ƙwallon ƙarfe irin na boris ko ƙaramin dutse mai nauyi. Jingina wayar a kan abu, nesa da bangon kamar mita uku ko huɗu, a daidai tsakiyar tsayin. In ta yi kusa ko ta karkata, ƙwallon zai bayyana a gaban alamar da ba tasa ba. A saki ƙwallon ta buɗe yatsu kawai, ba turawa, kuma a riƙa auna tsayi daga ƙasan ƙwallon kowane karo.

Daga mita 2 faɗuwar sakan 0.64 ce. Bidiyo na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a sakan, wato hotuna 19 kacal. Kuskuren hoto ɗaya kashi 5 cikin ɗari ne a lokaci, kuma da yake g = 2s/t², ya ninka ya zama kashi 10: za ka iya samun 8.9 ko 10.9 ba tare da ka yi wani laifi ba. In wayar na ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya, hoto 240 a sakan, hotunan sun kai 153, kuskuren hoto ɗaya ya sauko ƙasa da kashi 1 da rabi a g. Sai dai ka tabbatar da adadin hotunan daga bayanan fayil ɗin, kuma ka ƙirga hotuna, kada ka karanta agogon da ke ƙasan bidiyon, don shi lokacin kallo yake nunawa ba lokacin faɗuwa ba. Kada kuma ka ƙirga daga kwafin da aka turo ta WhatsApp, ana matse bidiyon a hanya.

Yi tsayi biyar, 0.5, 1.0, 1.5, 2.0, 2.5, kowane sau uku, ka ɗauki matsakaici. Zana graf, s a layin tsaye, t² a layin kwance. Layi miƙaƙƙe zai fito, gangarensa g/2 ne, don haka ninka shi biyu. Masu mantawa su kawo 4.9 su ce gwajin ya lalace. In ka zana s da t kawai, lanƙwasa za ka samu, ba a karanta g daga gare ta da rula.

Wahalar tana wurin gane hoton farko. Cikin sakan 0.03 na farko ƙwallon bai faɗi rabin santimita ba, ido ba ya ganin ya motsa, sai a fara ƙirga a makare, lokaci ya fito gajere, g ta fito sama da 10 a kowane gwaji. In duk amsoshinka sun karkata gefe ɗaya haka, nan za ka duba. Maganinsa, zana √s a tsaye da t a kwance. Shi ma miƙaƙƙe ne, gangarensa √(g/2), kimanin 2.21, kuma makarar farawa sai ta gusar da layin gefe kawai ba ta taɓa gangaren ba. Inda layin ya yanki layin t zai nuna maka hotuna nawa ka makara.